Yayata ta ce kada mu rubuta abin da ke cikin man da muke sayarwa

Assalamu alaikum Anti. Ni da yayata muna haɗa man shafawa da sabulun ruwa, shekararmu uku ke nan. Ita ta sa jari, ni nake haɗawa da hannuna. Kasuwa ta buɗe mana har muka buga lebul dubu biyar a karo ɗaya. A jikinsa akwai sunan man da lambar wayarmu, sai rubutu cewa "na gargajiya ne zalla, yana warkar da ƙuraje da ƙyasbi cikin kwana bakwai". Ba mu rubuta abin da ke ciki ba, don Yaya ta ce sirrinmu ne, in muka rubuta za a kwaikwaya. Akwai kuma wani farin kirim da take sayowa a bokiti mara rubutu, muna zuba kaɗan don hasken fata, ni kaina ban san me ke cikinsa ba. Watan jiya wata mai sayen kayanmu ta turo min hoton wuyanta ya yi ja ya kumbura. Ta ce likita ya tambaye ta abin da ke cikin man, ta jujjuya robar ba ta ga komai ba. A satin nan kuma wata da ke son kai kayanmu ƙasar waje ta ce ba za ta ɗauka ba sai mun gyara lebul. Da na yi wa Yaya magana sai ta ce so nake in jawo mata asara, wai fatar matar ce ke da matsala, har ta ce na fara jin kaina. Ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, ba na son in ɓata mata rai, amma barci ya ƙaurace min. Me doka ta ce a rubuta? Kuma yaya zan yi da Yaya?

Daga wata 'yar'uwa, an sakaya sunanta

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki, kuma abin da ya tsaya min a rai shi ne matar nan a gaban likita, wuyanta na mata zafi, tana jujjuya roba tana neman layi ɗaya da zai taimake ta. Rashin barcin da kike yi ba butulci ba ne ga Yaya, kuma ba jin kai ba ne. Hannunki ne ya dama man, zuciyarki kuwa ta san hakan.

Kafin maganar doka, ki fara da matar. Ki kira ta yau, ki jajanta mata, ki roƙe ta ta daina shafa man, ta kuma ajiye robar kada ta yar. Ki rubuta mata duk abin da kika san kin zuba, har turaren da sinadarin hana lalacewa, ta kai wa likitanta. Sannan ki faɗa mata abin da ya fi wuyar faɗa: akwai kirim na hasken fata a ciki wanda ba ku da takardar bayaninsa. Likita yana buƙatar jin wannan, domin yadda zai kula da fatar da turare ya tayar mata da bori daban yake da yadda zai kula da wadda magani mai ƙarfi ya taɓa.

Bokitin nan shi ne babbar matsalarku, ya fi lebul ɗin kansa. Ba ina yanke hukunci cewa guba ce a ciki ba, amma ki san irin abubuwan da hukumomi suka sha ganowa a kirim ɗin hasken fata da ke yawo ba rubutu. Na farko zaiba, wato makuri, wadda ke ratsa fata ta taɓa ƙoda da jijiyoyi, har ta kan iya isa ga jaririn da ke ciki ko wanda ake shayarwa. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan zaiba, wato ta Minamata ta 2013, ta fara da hana kayan kwalliyar da zaibarsu ta wuce kashi 1 cikin miliyan, a 2023 kuma ƙasashen da suka sa hannu suka amince a hana zuba ta gaba ɗaya. Na biyu haidirokwinon, wanda Tarayyar Turai ta hana a kirim ɗin hasken fata tun 2001, Amurka ma ta cire shi daga jerin abin da ake saya ba takardar likita a 2020. Yawan shafa shi yakan bar baƙin tabo mai wuyar fita. Na uku magungunan sitiroyid masu ƙarfi, waɗanda ke sa fata ta yi haske da sauri, sannan ta yi siriri, jijiyoyi su fito, ƙuraje su dawo fiye da da. Duk wanda ya sayar muku da abu ya ƙi gaya muku sunansa, to ya ɗora muku nauyinsa ne ya zame. Daga haɗi na gaba kada cokali ɗaya na wannan kirim ya sake shiga tukunyarki. Ki nemi mai sayarwar ya ba ki takardar da ke nuna sinadaransa da kamfanin da ya yi shi. In ya kawo hanzari, ki ɗebi kaɗan a kwalba mai tsabta ki kai ɗakin gwaje-gwajen da hukuma ta amince da shi, ki ce a duba miki waɗannan ukun.

A nan zan yi wa Yaya adalci. Mai yiwuwa ne abin da ya tayar wa matar fata ba kirim ɗin ba ne. Turare yana daga cikin manyan abubuwan da ke jawo borin fata, sinadaran hana lalacewa ma haka, har man itatuwa masu ƙamshi da ake ganin ba su da illa. Da ta ce fatar matar ce, akwai ƙanshin gaskiya a maganarta, domin abin da ya karɓi mutum ɗari yana iya ƙin ɗaya. Sai dai wannan ɗayan shi ne dalilin da ya sa doka ta ce a rubuta. Wadda ta san fatarta ba ta shiri da wani sinadari za ta gan shi a jikin robar ta ajiye tun a kanti, da ita da ku kowa ya huta.

Tsoron da Yaya ke yi na satar fasaha kuma ba shirme ba ne, kuɗinta ne a ciki. Amma ina ganin ba ta san abin da ake nema a rubuta ba. Ba a ce ku bayyana awo ba. Ana jera sunayen sinadaran ne kawai, a fara da wanda ya fi yawa a nauyi, a gangaro zuwa wanda ya fi ƙaranci, kuma duk abin da bai kai kashi 1 cikin ɗari ba ana iya sa shi a ƙarshe ba tare da bin tsari ba. Haka dokar kayan kwalliya ta Tarayyar Turai mai lamba 1223 ta shekarar 2009 ta tanada, haka tsarin yake a Amurka, kuma ƙasashe da yawa sun bi wannan sawun. Haɗin turarenku ma ba sai kun warware shi ba, kalma ɗaya ce ke wakiltarsa, Parfum. Ki ɗauko kowane man babban kamfani ki juya bayansa, za ki ga jerin nan a fili, ga shi kuwa har yau ba wanda ya dama irinsa a ɗaki don ya karanta lebul. Sirrin yana cikin yawan kowane abu, da zafin da kike narkarwa, da wanda kike fara zubawa, da tsawon lokacin bugawa. Wannan yana cikin kanki da littafinki, ba mai tambayar ki ki manna shi a roba. A Amurka akwai hanyar neman izinin ɓoye sunan wani sinadari a matsayin sirrin sana'a, amma sai an rubuta wa FDA, hukumarsu ta kula da abinci da magunguna, an kawo hujja, kuma ba kasafai take amincewa ba. Man kaɗanya da man kwakwa ba za su samu wannan izinin ba.

Sunayen kuma ba yadda aka ga dama ake rubuta su ba. Akwai tsarin suna na bai ɗaya da ake kira INCI, wanda ya faro a Amurka a shekarun 1970, don likita a kowace ƙasa ya gane abu ɗaya da suna ɗaya. A wannan tsarin ruwa shi ne Aqua, man kaɗanya Butyrospermum Parkii Butter, man kwakwa Cocos Nucifera Oil, kakin zuma Cera Alba. Launi kuma ana rubuta shi da harufan CI da lambarsa. Kada sunayen su firgita ki, ba haddace su za ki yi ba. Duk dillalin kirki yana da takardar kowane sinadari, sunan yana ciki, kwafa kawai za ki yi. Za ki iya ƙara sunan da masu saye suka sani a wani gefen don su fahimta.

Wuri ɗaya ne kalmar Parfum ba ta isa ba, kuma ya shafi matar nan kai tsaye. Akwai wasu sinadaran ƙamshi da aka tabbatar suna yawan tayar da bori, irin su Limonene da Linalool da Citral da Geraniol da Coumarin. A Turai dole a ambace su da sunansu idan sun wuce kashi 0.001 cikin ɗari a abin da ke zama a fata, kamar man shafawarku, ko kashi 0.01 cikin ɗari a abin da ake wankewa, kamar sabulunku. An daɗe ana aiki da jerin guda 26, sai a 2023 aka faɗaɗa shi ya haura 80. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne waɗannan sinadaran suna nan a cikin man ɓawon lemo da man fure na asali, ba a turaren masana'anta kaɗai ba. Ki tambayi mai sayar muku da turare takardar da ke lissafa su.

Sauran abin da lebul ke ɗauka ba shi da wuya. Sunan kayan da amfaninsa, man jiki ne ko na fuska ko sabulu. Sunanku na kasuwanci da cikakken adireshi, domin lambar waya kaɗai ba ta wadatar ba. Nauyi ko yawan abin da ke ciki, a giram ko mililita, ban da nauyin robar. Yadda ake amfani da shi, da gargaɗi irin na kada ya shiga ido, a daina in an ga ja ko ƙaiƙayi. Ƙasar da aka yi shi, musamman in zai ƙetare iyaka. Rubutun ya zama mai karantuwa, wanda ruwa ko maiƙo ba zai goge ba, kuma da harshen da ƙasar da za a sayar ta amince da shi. In robar ta yi ƙanƙanta, ana sa bayanin a 'yar takarda da ke rataye ko a cikin kwali, a buga alamar hannu yana nuna buɗaɗɗen littafi.

Sai kwanan wata. A tsarin Turai, kayan da ba zai wuce wata 30 da kyansa ba ana rubuta masa ranar ƙarewa. Wanda ya fi haka daɗewa ana sa masa hoton 'yar roba da murfi a buɗe, da rubutu kamar 12M, ma'ana a yi amfani da shi cikin wata 12 bayan an buɗe. Roƙona a nan kada ki ƙirƙiro rana da ka don wurin ya cika. Duk abin da ruwa ya shiga cikinsa gida ne ga ƙwayoyin cuta da fumfuna, kuma yana iya lalacewa tun kafin wari ko launi ya nuna. Ranar da za ki rubuta ta fito daga gwaji, ɗakin da zai duba miki kirim ɗin bokiti zai iya yi muku wannan ko ya nuna muku inda ake yi.

Akwai abu guda da nake so ki fara tun haɗi na gaba, ko da Yaya ba ta sauko ba tukuna, don ba ya cin komai: lambar haɗi. Ki samu littafi mai kauri ki ajiye kusa da sikelinki. Duk ranar da kika dama, ki ba wannan damun lamba, ki rubuta kwanan wata, da abin da kika zuba da awonsa, da inda aka sayo kowanne, da yawan robobin da suka fita. Ki buga lambar a gindin kowace roba, ki kuma ware roba ɗaya ki ajiye a rufe. Da kuna da wannan, da matar nan ta turo hoto sai ki ce ta karanto miki lambar, ki buɗe shafin, ki ga ko ranar ce kika canza turare ko aka buɗe sabon bokiti, ki san robobi nawa ne za a nemo. Yanzu kuwa duk kayan shekara uku ne ke cikin zargi. Ki nuna wa Yaya wannan, domin lambar haɗi dukiyarta take tsarewa.

Yanzu kalmar nan ta "warkarwa". A idon doka, abin da ke raba kayan kwalliya da magani shi ne abin da mai shi ya ce yana yi. Kayan kwalliya yana wanke jiki, ya ƙawata shi, ya sa ƙamshi, ya tausasa fata. Da zarar kin ce yana warkar da cuta, kin shigar da shi sahun magunguna, kuma magani yana da nasa rajistar da gwaje-gwajen da ba ku yi ba. Dokar Amurka ta 1938 a kan haka ta ginu, shi ya sa a can man ƙuraje da sabulun amosani da man kariya daga rana duk a magani ake lissafa su. Turai kuma tana da dokar 2013 da ta ce duk iƙirarin da aka yi a kan kayan kwalliya ya zama gaskiya ne kuma akwai hujjar da ke bayansa. Ƙyasbi ƙwayar fumfuna ce ke kawo shi, maganinsa daban ne. Wadda ta yarda da alkawarin kwana bakwai za ta yi ta shafawa wata da watanni ba ta je asibiti ba, wannan ma haƙƙi ne a wuyanku. "Na gargajiya zalla" kuma ba gaskiya ba ne muddin akwai turaren kanti da kirim ɗin bokiti a ciki. Ki faɗi abin da man ke yi da gaske: yana tausasa fata, yana hana ta bushewa da gautsi, yana da ƙamshi mai sanyi. Ai don waɗannan ne mutane suke dawowa shekara uku.

Matar da ta ƙi ɗaukar kayanku alheri ta yi muku, don da ta ɗauka an tsare su a kan iyaka, da asarar ta ninka. Ki tambaye ta ƙasar da za ta kai, saboda sharuɗɗan sun bambanta. In Turai ce, lebul kaɗai bai isa ba, sai an samu wani mazaunin can da zai ɗauki alhakin kayan a sa sunansa da adireshinsa a jiki, ƙwararre ya rubuta rahoton amincin kayan, a kuma sanar da hukuma kafin su shiga kasuwa. In Amurka ce, dokar da aka sa wa hannu a Disambar 2022 ta ƙara cewa lebul ya ɗauki hanyar da mai saye zai kai ƙorafi idan kayan sun cutar da shi. FDA ba ta ba kayan kwalliya shaidar amincewa kafin a sayar, don haka kada wani mai buga lebul ya ruɗe ku da sa tambarinta. Kafin duk wannan, ki je wurin hukumar da ke kula da kayan kwalliya a ƙasarku ki karɓi ƙa'idojinta a rubuce. Wasu ƙasashen suna neman a yi rajista a buga lambar rajistar a jiki, kuma wasu hukumomin sukan duba samfurin lebul kafin a buga da yawa.

Lebul dubu biyar ɗin nan ba lallai su tafi a banza ba. In sunan da tambarin suna nan daidai, ana iya buga ƙaramar sitika mai manne sosai ta rufe layin warkarwa da na gargajiya zalla, a kuma yi sabon lebul na baya mai ɗauke da sinadarai da adireshi da sauran bayanan. Ki tambayi hukumar ko tana karɓar gyara da sitika. In ba ta karɓa, ki lissafa kuɗin sake bugawa ki rubuta a takarda, don Yaya ta ga adadi a gabanta maimakon fargabar da ba ta da iyaka. Robobin da kirim ɗin bokiti ya riga ya shiga kuwa, sitika ba za ta wanke su ba. A tsayar da su har sakamakon gwaji ya fito, in ya nuna abin da aka hana, a nemo waɗanda ke hannun masu sari, a kuma sanar da masu saye.

Game da Yaya, ina ganin abin da ta ji a maganarki ba lebul ba ne. Ta ji kamar yarinyar da ta riƙe ce ke cewa ta yi ha'inci, shi ya sa ta mayar miki da kalmar jin kai. Kada ki koma mata a wurin aiki ko a gaban masu taya ku. Ki same ta ita kaɗai lokacin da hankalinta ke kwance, ki tafi da robar wani babban kamfani da samfurin sabon lebul da kika zana da takardar lissafin. Ki ce mata, "Yaya, duk abin da na zama ke ce sila, kuma sunanki ne a kan kayan nan. Tsoro nake kada wata rana a zo a tambaye ki abin da ke ciki ba mu da amsa. Ga yadda za mu rubuta ba tare da kowa ya san awonmu ba." Ki bar ta ta juya robar da hannunta ta gani. Ki roƙe ta ita ce za ta tambayi mai bokitin takarda, tunda ita ta san shi. In ya kasa kawowa, da idonta za ta gani, ba daga bakinki za ta ji ba. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Kada ki matsa sai ta amsa a zama ɗaya, ki ba ta kwana biyu ta juya maganar.

In ta ƙi, ki nemi wanda take jin nauyinsa a dangi, ko wani masanin haɗa magunguna da ta yarda da shi, ya zauna da ku. Sau da yawa maganar da babba ya ƙi karɓa daga ƙarami yakan karɓe ta daga na gefe. Za ki iya kuma ba ta shawarar a fara da kaya ɗaya, man da ba kirim ɗin bokiti a ciki, a yi masa cikakken lebul a ba mai kai wa ƙasar waje, ta ga yadda kasuwarsa za ta kasance. In duk an yi haka ta dage sai an ci gaba da zuba abin da ba a san shi ba, to ki gaya mata cikin ladabi cewa za ki ci gaba da haɗa sabulu da duk man da kika san abin da ke cikinsa, amma hannunki ba zai ƙara dama wancan ba. Za ta yi fushi, wataƙila ta yi kwanaki ba ta sake miki fuska ba. Ki ci gaba da gaishe ta da yi mata hidimar da kika saba, kada ki kai maganar waje, kada kuma ki janye abin da kika faɗa.

Allah ya ba matar nan lafiya, ya daidaita tsakaninki da Yaya. Idan sakamakon gwajin ya fito, ki turo min tare da samfurin sabon lebul ɗin mu duba shi layi-layi kafin ki kai wa mai bugawa.